In Allah ya san za su ci, don me ya dasa itacen?

Malama, sannu da aikin Ubangiji. Kin ce kina koyar da yara 'yan shekara goma zuwa goma sha uku a makarantar Lahadi, kun zo kan Farawa sura 3, sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce: in Allah ya san tun farko Adamu da Hauwa'u za su ci 'ya'yan itacen nan, don me ya dasa shi a tsakiyar gona, don me kuma ya bar maciji ya shigo? Ashe ba tarko ya ɗana musu ba? Kin amsa mata cewa Allah ya ba mutum 'yancin zaɓi. Ta yi shiru, amma kin ga a fuskarta ba ta gamsu ba, ke ma kin koma gida abin yana cin ranki.

Don Allah kada kowa ya tsawata wa yarinyar nan. Tambayarta ta girmi kakannin kakanninta. A ƙarshen ƙarni na 4 wani mai suna Ebodiyus ya yi wa abokinsa Agustin, babban malamin ikilisiya na Arewacin Afirka, irinta: tun da Allah ya riga ya san mutumin farko zai yi zunubi, ashe dole ne ya yi shi? Agustin bai ce masa ya rufe baki ba, zama ya yi ya rubuta amsa mai tsawo. Abin da kika faɗa mata gaskiya ne, sai dai rabin amsa ne, kuma rabin mai sauƙi. Yaran nan suna jin inda magana ta tsaya ba ta kai gida ba.

Mu koma kan nassin tukuna, domin yawancinmu labarin da aka ba mu muna yara muke ɗauke da shi a ka, ba abin da ke rubuce ba. Umarnin da ke Farawa 2:16-17 bai fara da hani ba, da izini ya fara: kowane itace na gonar nan ka ci. A Ibrananci an ninka kalmar, kamar a ce "ci za ka ci", irin yadda mai gida ke tura wa baƙo akushi ya ce ya saki jiki. Bayan wannan ne aka ware itace ɗaya tak. Aya ta 9 kuma ta riga ta ce itatuwan gonar masu kyan gani ne, masu kyan ci. Sa'ad da matar ta ɗaga ido ta dubi wanda aka hana a 3:6, abu biyu na farko da ta gani a jikinsa, kyan ci da kyan gani, akwai su a itatuwan da ke kewaye da ita. Ba yunwa ta kai ta ba. Mai ɗana tarko yunwar dabba yake amfani da ita, ya zuba hatsi inda babu hatsi, ya rufe igiyar da ƙasa. A nan kuwa an cika gona da abinci, an nuna wurin da yatsa, an faɗi abin da zai biyo baya tun hannu bai miƙa ba. Babu maharbin da ke ɗana tarko haka.

Mene ne shi wannan sanin nagarta da mugunta? Ba wai sun kasa bambance daidai da ba daidai ba ne kafin su ci, ai an riga an gaya musu abin da ba za su yi ba, kuma matar ta maimaita shi da bakinta. In kin bi wannan furuci cikin Tsohon Alkawari za ki ga inda yake zuwa. A Maimaitawar Shari'a 1:39 ƙananan yara ne ake cewa ba su san nagarta da mugunta ba. A 1 Sarakuna 3:9 Sulemanu ya roƙi zuciyar da za ta rarrabe nagarta da mugunta domin ya yi wa jama'a shari'a, aya ta gaba kuma ta ce roƙon ya gamshi Ubangiji. Wato hikimar babba ce, ta alƙali, ta mai yanke hukunci. Abin kansa ba mugu ba ne. Sulemanu ya roƙa aka ba shi, Adamu ya kai hannu ya fizga. Tiyofilas na Antakiya, wajen shekara ta 180, ya ce itacen mai kyau ne, 'ya'yansa ma masu kyau ne, sai dai Adamu jariri ne tukuna. Iraniyus, bishop na Liyon a Faransa ta yau, ya kawo misalin uwa: tana da ikon ba jaririnta abinci mai ƙarfi, jaririn ne bai isa karɓa ba, shi ya sa take ba shi nono. Ni wannan fahimta ta fi kwanta mini, domin ta dace da mutanen da muke gani a sura 2, tsirara ba kunya, kamar yaran da ake wa wanka a tsakar gida. (Tun da kina nuna wa yara hotuna, ki sani nassin bai ce tuffa ba ce. Bai faɗi irin itacen ba sam.)

Yanzu ki lura da aikin macijin. Bai tsinko ba, bai riƙe hannun kowa ba. Tambaya ya yi, ya faɗaɗa hanin: wai Allah ya ce kada ku ci daga kowane itace? Matar ta gyara masa, amma ta ƙara abin da ba ya cikin umarnin 2:17, ta ce ko taɓawa ma kada a yi. Sai ya musanta maganar mutuwa kai tsaye. Sa'an nan ya kai sara inda yake nufi tun farko, ya ce, ai Allah ya sani ranar da kuka ci idanunku za su buɗe, ku zama kamar Allah. Wannan ayar, 3:5, takan tsayar da ni duk lokacin da na karanta. Wanda ya fara ɗaukar sanin Allah ya mai da shi abin zargin Allah a cikin Littafi Mai Tsarki, maciji ne. Maganarsa ita ce, ya san wani abu, yana ɓoye muku, ba ya nufinku da alheri. Ba ina cewa yarinyarki tana maganar maciji ba, ita fahimta take nema, kuma Zabura cike take da masu yi wa Allah tambaya da zuciya ɗaya. Ina dai nuna miki cewa ainihin jarabar ba a cikin 'ya'yan itace take ba. Tana cikin shakkar halin Allah. Kuma abin da ya yi musu tallarsa, zama kamar Allah, nasu ne tun 1:26, inda aka yi su cikin siffarsa da kamanninsa.

Adamu ma yana wurin. Aya ta 6 ta ce mijinta yana tare da ita, kuma a Ibrananci macijin da "ku" yake magana, ba da "ke" ba. Shi ne ya karɓi umarnin tun ba a yi matar ba, ga shi bai ce uffan ba. Da aka tambaye shi sai ya ce, matar nan da ka ba ni. Jumla ɗaya, ya jefa laifin kan mutum biyu, na biyun kuwa Allah ne. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Agustin ya ce mugun aikin ba zai auku a fili ba da mugun nufi bai riga shi a ɓoye ba, ya kuma kira wannan nufin girmankai. Mu a nan cewa muke sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Daga ina macijin ya samo tasa muguntar? Farawa ba ta ba da labarin ba. Abin da ta faɗa kawai shi ne yana cikin halittun da Ubangiji Allah ya yi, wannan kuwa babbar magana ce, domin ta rufe ƙofar cewa akwai wani allah na mugunta da ke kokawa da Allah na alheri. Agustin ya yi shekara tara cikin mabiyan Mani, masu koyar da haka, kafin ya fito. Wahayin Yahaya 12:9 ne ya kira tsohon macijin nan Iblis da Shaiɗan, wasiƙar Yahuza aya 6 kuma ta yi zancen mala'ikun da suka bar matsayinsu. Yaro mai kaifin kai zai ce, to shi Shaiɗan wa ya jarabce shi? Amsar Agustin ita ce mugunta ba halitta ba ce da za a nemi wanda ya ƙera ta. Juya baya ne ga mafificin alheri zuwa ƙarami. Neman dalilinta, in ji shi, kamar mutum ne ya ce zai ga duhu ko ya ji shiru.

Hausa ta taimake mu a wuri ɗaya. Jaraba da jarrabawa tushensu ɗaya ne, haka ma a Helenanci kalma ɗaya ce ke ɗaukar ma'ana biyun. Shi ya sa Yakubu, a sura 1 ta wasiƙarsa a Sabon Alkawari, ya ce mu yi farin ciki in gwaje-gwaje sun same mu, a aya ta 13 kuma, da tushen kalmar nan, ya ce kada wanda ake jarabta ya ce Allah ne ke jarabtarsa, Allah ba ya jarabtar kowa, son zuciyar mutum ne ke jansa, sha'awa ta yi ciki ta haifi zunubi, zunubi ya girma ya haifi mutuwa. Abu ɗaya zai iya zama gwaji daga hannu ɗaya, jaraba daga wani hannun. Malami yana ba da jarrabawa yana fatan ɗalibi ya ci. Mayaudari yana sa kuɗi a gaban mai gadi yana fatan ya ɗauka. Sai dai malami yana jarrabawa ne don ya san abin da bai sani ba, Allah kuwa ba haka ba. Sa'ad da ya ce wa Ibrahim a Farawa 22:12 yanzu na sani kana tsoron Allah, Agustin ya fahimce shi da ma'anar yanzu na sa an sani. Amincin da ba a taɓa gwadawa ba yana nan kamar iri a rumbu, bai zama gona ba tukuna.

Mu zo kan sanin gaba. Littafi bai bar shakka a nan ba. Zabura 139 ta ce kafin magana ta hau harshena ka san ta duka, Ishaya 46:10 kuma ya ce yana faɗin ƙarshe tun daga farko. Ko sani yana tilastawa? Ki dubi Bitrus. A Luka 22 Yesu ya gaya masa kafin zakara ya yi cara zai yi musun saninsa sau uku. Haka aka yi. Da zakaran ya yi cara Ubangiji ya juyo ya dube shi, Bitrus bai ce ai an riga an faɗa, ba yadda zan yi ba. Fita ya yi ya yi kuka mai zafi. Ya san bakinsa ne, tsoronsa ne, a gaban wata baranya a bakin wuta. Orijin na Iskandariya ya faɗi abin a taƙaice tun ƙarni na 3: abu ba ya faruwa domin an san shi, an san shi ne domin zai faru. Agustin ya ce wa Ebodiyus, kai kana tuna abin da ka yi jiya, tunawarka ba ita ta sa ka yi shi ba, haka sanin Allah yake game da gobe. Boyetiyus, wanda ya yi rubutunsa a kurkuku a Italiya wajen shekara ta 524 yana jiran kisa, ya ƙara mataki ɗaya. Ya ce kalmar "gaba" ma tamu ce, mu da muke cikin kwanaki. Allah ba ya tsaye a jiya yana hango gobe, duka zamanai a buɗe suke a gabansa lokaci guda, ganin mutum yana zaune kuwa ba shi ke zaunar da shi ba. Toma Akwinas ya kawo misalin matafiya: wanda ke kan hanya ba ya ganin na bayansa, wanda ke kan dutse yana ganin ayarin duka.

Akwai wani labari da ba a cika karantawa ba, 1 Sama'ila 23. Dawuda yana garin Kaila, ya tambayi Ubangiji, Saul zai zo? Aka ce zai zo. Mutanen garin za su bashe ni? Aka ce za su bashe ka. Sai Dawuda ya tattara mutanensa ya bar garin, Saul ya ji labari ya fasa zuwa. Allah ya san abin da zai faru in Dawuda ya zauna, sanin kuma bai ɗaure ƙafar Dawuda ba. A kan irin wannan nassi ne Luwis Molina, wani malamin Katolika ɗan Sifen, ya gina koyarwarsa a 1588, cewa Allah ya san abin da kowane mai 'yanci zai zaɓa a kowane hali da za a sa shi.

Zuwa nan hanya a miƙe take. Amma yarinyarki ba wannan ta tambaya ba. Mutumin da ke kan dutse ba shi ya share hanyar ba, ba shi ya haifi matafiyan ba. Allah kuwa shi ya dasa gonar, shi ya hura numfashi a hancin mutumin, yana sane da duk abin da zai biyo baya, daga jinin Habila har zuwa jana'izar da aka yi a unguwarku cikin watan nan. Sani bai tilasta Adamu ba, mun yarda. To, don me wanda ya sani ya ci gaba da halitta? A nan ne Kirista suka rabu.

Kalbin, ɗaya daga cikin jagororin Furotesta na farko, a bugun ƙarshe na babban littafinsa a 1559, ya ƙi fakewa da kalmar "bari". Ya ce Allah bai hango faɗuwar Adamu kawai ba, ya ƙaddara ta, shi da kansa kuma ya kira wannan hukunci abin razana. Duk da haka ya nace cewa mutum da laifin kansa ya faɗi. Shaidar bangaskiya ta Westminsta ta 1646 ta bi wannan layi, ta ce Allah ya ƙaddara duk abin da ke faruwa, amma ba shi ne mafarin zunubi ba, ba a kuma yi wa nufin halitta fin ƙarfi ba. Arminiyus a Holan, wanda ya rasu a 1609, ya ga wannan ya matso da zunubi kusa da hannun Allah fiye da kima. Mabiyansa suka kai ƙorafi a 1610, babban taron Dort na 1618 zuwa 1619 ya yanke hukunci a kansu, daga baya Wesli, wanda ya kafa Metodis, ya ɗauki ra'ayin ya yaɗa. A zamaninmu, musamman daga 1994, wasu malamai a Amurka da Kanada suka ce Allah bai san zaɓin da mutum bai yi ba tukuna, domin babu abin da za a sani, ya ɗauki kasada ne kawai. Duk waɗannan ba labarin nesa ba ne gare mu. A cikin TEKAN, wato Tarayyar Ekklisiyoyin Kristi a Nijeriya, jikokin Kalbin da na Luta da na Wesli suna zama a taro ɗaya, suna raira waƙa ɗaya.

In kin tambaye ni, ra'ayin kasada ya sayi sauƙi da tsada. Ya wanke Allah daga zargi ta hanyar rage shi, kuma ban ga yadda zai zauna da maganar zakaran Bitrus ba. Kalbin ina girmama shi domin bai gudu daga wuyar tambayar ba, amma ina ganin ya faɗi abin da Farawa ba ta faɗa ba. Cikin surori ukun nan Allah ya hana cin itacen, hani na gaskiya, ba wasan kwaikwayo ba. Ni ina tsaye inda yawancin ikilisiya ta tsaya tun da: ya sani, ya bari, bai so zunubin ba, bai kuma rasa iko a kansa ba. Shi ya sa nake roƙon masu wa'azinmu su yi hattara da kalmar ƙaddara. A bakinmu takan haɗiye komai, ciwon da ba wanda ya jawo da kuma satar da mutum ya yi da hannunsa, duka a ce haka Allah ya so. Maƙwabtanmu Musulmi ma sun sha wannan muhawara tsakanin Mu'utazila da Ash'ariyya, a suratul Baƙara kuma mala'iku ne da kansu suka tambaya ko za a sa mai ɓarna da zub da jini a bayan ƙasa. Tambayar ba ta gida ɗaya ba ce, ko da yake amsoshinmu sun rabu a kan gicciye.

Me ya sa 'yancin ya kai wannan daraja? Domin abin da Allah yake nema wurin mutum ba ya samuwa da tilas. Rana tana fitowa kullum ba ta saɓa ba, amma ba a ce rana mai biyayya ce. Matar da aka kulle a ɗaki ba a yaba mata riƙon aure. In babu ko wuri ɗaya a gonar inda mutum zai iya cewa a'a, to i ɗinsa ba ta da nauyi. Itacen shi ne wurin da Adamu zai wuce kowace safiya ya ce, ban gane dalili duka ba, amma na san wanda ya faɗa.

Akwai ƙalubale mai ƙarfi a kan wannan, gara ki ji shi daga gare ni kafin wani ɗalibin jami'a ya kawo miki. Wani masanin falsafa, Maki, ya ce a 1955, in Allah mai iko duka ne, me ya hana shi yin mutane masu 'yanci waɗanda kullum nagarta za su zaɓa? Mu ma ai mun ce a sama tsarkaka ba za su yi zunubi ba, kuma ba mu ce sun zama gumaka ba. Plantinga ya amsa a 1974 cewa in 'yancin na gaske ne, abin da mai 'yanci zai zaɓa ba ya hannun wanda ya yi shi, in an tabbatar da zaɓin daga waje ya daina zama zaɓi. Amma tsohuwar amsar ta fi ratsa ni. Agustin ya bambanta hali biyu: Adamu yana da ikon kada ya yi zunubi, tsarkaka a ƙarshe za su kai inda ba za su iya yin zunubi ba. Na biyun ƙarshen tafiya ne, ba farkonta ba. Dattijuwar da ta yi shekara hamsin tana bin Ubangiji, wadda ko an bar ta da kuɗin baiko na shekara ba za ta iya taɓawa ba, ba ta rasa 'yanci ba. Halinta ne ya nuna. Ba a haihuwar mutum da furfura.

Duk wannan bai isa ba in an tsaya a Farawa. Kirista ba ya karanta sura 3 ita kaɗai. Abin da Allah ya sani tun farko ba faɗuwar kawai ba ne. Ki koma kan Bitrus: a cikin zance ɗaya da aka gaya masa zai yi musu, an ce masa na yi maka addu'a, bayan ka juyo ka ƙarfafa 'yan'uwanka. An ga faɗuwar, an ga dawowar, an kuma riga an tanadi hanyarta. Wannan Bitrus ɗin ne ya rubuta a wasiƙarsa ta fari, 1:19-20, cewa Almasihu, ɗan rago marar aibi, an riga an san shi tun ba a kafa duniya ba. Bulus ya ce a Afisawa 1:4 an zaɓe mu a cikinsa tun kafin kafa duniya. Wato wanda ya dasa itacen ya san kuɗin da abin zai ci, ya kuma ƙudura tun ba a yi haske ba cewa shi zai biya. Mai ɗana tarko ba ya sa wuyansa a igiyar. A nan ne zargin maciji, cewa Allah yana ɓoye abu don kansa, ya ruguje. Filibiyawa 2 ta ce wanda yake cikin surar Allah bai ɗauki daidaitarsa da Allah abin riƙewa kam-kam ba, ya ƙasƙantar da kansa har mutuwa. Adamu yana ƙoshe a gona ya kai hannu. Yesu yana jin yunwar kwana arba'in a jeji ya ƙi mai da dutse gurasa. A wata gona kuma, Getsamani, ya ce ba nufina ba, naka za a yi.

Ranar Fentikos Bitrus ya haɗa abu biyun cikin aya ɗaya, Ayyukan Manzanni 2:23: an ba da Yesu bisa ga shiri da rigyasanin Allah, ku kuma kuka kashe shi ta hannun mugaye. Bai sassauta ko ɗaya ba. Yusufu ma haka ya ce wa 'yan'uwansa a Farawa 50:20, kun nufe ni da mugunta, Allah ya nufe shi da alheri. Agustin ya ce Allah ya ga ya fi kyau ya fitar da alheri daga mugunta da a ce bai bar mugunta ta kasance ba sam. A daren Ista 'yan Katolika suna raira tsohuwar waƙa da ke kiran zunubin Adamu laifi mai albarka, domin ya jawo irin wannan Mai Fansa. Na gane abin da waƙar ke nufi, amma ba zan koya wa yara ita haka kawai ba, ba zan kuma faɗe ta a gidan makoki ba. Bulus ya riga ya tare hanyar a Romawa 6: mu ci gaba da zunubi domin alheri ya yawaita? Ko kusa. Na tsaya a bakin kaburbura da dama inda duk bayanin nan bai fito daga bakina ba, domin ba lokacinsa ba ne. Ayuba bai sami amsar "don me" ba, Allah ne da kansa ya zo masa. Maimaitawar Shari'a 29:29 ta ce asirai na Ubangiji ne, abin da aka bayyana namu ne da 'ya'yanmu. Amma a ajiye wannan ayar sai ƙarshen hanya. In an jefa wa yaro ita tun tambayar farko, abin da zai koya shi ne coci ba wurin tambaya ba ne.

Ran Lahadi ki kira yarinyar a gaban sauran, ki ce tambayarta mai kyau ce, manyan malamai sun yi ta kafin ita. Ki gaya mata Allah ya sani, amma saninsa bai tura hannun kowa ba, kamar yadda Yesu ya san Bitrus zai yi musu amma Bitrus ne ya yi. Ki gaya mata itacen yana nan domin su iya amincewa da Allah da zuciyarsu. Sa'an nan ki ba ta Littafin ta karanta da kanta daga 3:8. Ta ga wanda ya fara neman wani, su da suka ɓuya ko shi da ya zo yana kira ina kake, alhali ya san inda suke. Ta ga a aya 14 da 17 maciji da ƙasa aka la'anta, ba a furta kalmar a kan mutumin ko matar ba. Ta karanta aya 15, ki nuna mata zuriyar macen da zai ƙuje kan maciji, a sare shi a diddige. In ta tambaya don me aka kore su, Iraniyus ya ce tausayi ne, an raba su da itacen rai don kada muguntar ta zama marar mutuwa. Ki tsayar da ita a aya 21. Sun ɗinka wa kansu ganyen ɓaure, abin da ba zai kai yamma bai bushe ba, ga shi za su fita zuwa ƙasar ƙaya da sarƙaƙƙiya. Ki tambayi ajin wa ya yi musu tufafin fata, wa kuma ya sa musu da hannunsa, ki jira su amsa.